Daidaita Alƙaluma Kafin Nazari: Abin da 'Yargalma Ta Nuna

Wata ɗabi'a ta kama ɗalibai masu binciken al'umma, har da na sashen Hausa da ke raba takardun tambayoyi a kan karin harshe. Da zarar alƙaluma sun shiga kwamfuta, sai a daidaita su tun ba a san abin da ake nema ba. Daidaitawar kuwa ita ce a ɗebe matsakaicin adadi daga kowane awo, a raba saura da gwargwadon warwatsuwarsa, har matsakaici ya koma sifiri.

Masu yin haka suna da hujja, domin ba a tara mudu da kamu a kira su abu guda. Nazarin ɓoyayyen tushe, wanda Charles Spearman ya aza harsashinsa a 1904, yana neman sanadi ɗaya da ke bayan ma'aunai da yawa. In ana laluben wannan tushe a cikin jama'a guda, daidaitawa ba ta ɓata komai, hasali ma galibin lissafin a kanta yake tafiya.

To, amma a dubi 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan Zamfara, inda ake dakan dutsen zinariya a cikin gidaje. Binciken da aka yi a 'Yargalma da Dareta ta ƙasar Anka ya nuna cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. Ana auna dalmar jini da maikirogiram a kowane desilita, kuma daga 45 ake ba yaro maganin fitar da gubar. Kusan duk yaran da aka auna sun kai wannan adadi ko sun zarce.

Yanzu a ɗauka wani manazarci ya daidaita awon 'Yargalma daban, ya daidaita na wani ƙauyen da gubar ba ta taɓa ba shi ma daban. Matsakaicin kowannensu ya zama sifiri ke nan. Yaron da jininsa ke ɗauke da 60 sai ya iya faɗawa ƙasa da matsakaicin ƙauyensu, ya bayyana a takarda kamar mai lafiya, alhali kuwa magani yake bukata. Bambancin da aka fito nema, da hannu aka shafe shi. Haka kuma in ana son gwada halin ƙauyen kafin a kwashe gurɓatacciyar ƙasa da bayan an kwashe.

Shi ya sa tsarin lissafin dangantakar sanadi, wanda Karl Jöreskog ya yaɗa da manhajar LISREL tun wajejen 1970, aka gina shi a kan ɗanyen awo. Robert Cudeck ya yi gargaɗi a 1989 cewa ɗora shi a kan daidaitattun alƙaluma na iya ɓata ƙiyasin kuskure. Hanyar da ta fi ita ce a yi lissafi da awon asali, daga baya a daidaita sakamakon in ana son sauƙin karatu, a kuma buga duka biyun.

Ɗalibin da ke gwada Zamfarcin Gummi da Kananci ma bai tsira ba. In ya daidaita amsoshin kowane gari daban, sai Bazamfare da Bakano su fito masa da baki ɗaya.