Fim ɗin da ya raba kanmu a hostal

Ƴan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Ibadan, maganar What Dreams May Come ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun da aka haska shi a hostal, to bari ni ma in faɗi tawa. Wanda zai ji haushi ya yi haƙuri.

Ga waɗanda ba su kalla ba, fim ne na Amurka na 1998. Robin Williams ya fito a matsayin Chris, likitan yara, matarsa Annie kuma mai zane ce. Ƴaƴansu biyu suka rasu a haɗarin mota, bayan shekara huɗu shi ma haɗarin ya yi ajalinsa. Sai aka nuna ya farka a wata wai aljanna da aka gina da zanen matarsa, fentin ko bushewa bai yi ba, in ya taka fure sai ya dame a ƙafarsa. Kyan hoton nan ne ya ciyo wa fim ɗin kyautar Oscar a 1999. Ita kuwa Annie baƙin ciki ya fi ƙarfinta ta kashe kanta, aka ce tana wuta, shi kuma ya ce sai ya je ya fito da ita. A ƙarshe suka zaɓi a sake haihuwarsu a duniya.

Ana zuwa wurin wutar nan wasu cikinmu suka miƙe suna a'uziyya suka fice. Wani ɗan Inugu mai yawan zuwa coci ya ma fi mu fushi, ya ce wannan ba ya cikin Baibul. Wani Bayarabe kuwa dariya ya yi, ya ce mene ne abin mamaki, ai a gidansu akwai Babatunde akwai Yetunde, wato baba ya dawo, uwa ta dawo. Wasu kuma suka yi tsit suna share hawaye a ɓoye. Su ne ake ta yi wa tsiya yanzu, wai fim ɗin kafirai ya sa su kuka.

Ta fuskar aƙida ba ni da ja. Ba wanda ke shiga wuta ya fito da matarsa don ƙarfin so, ba wanda ake sake haifa, kuma ba a koyon lahira a wurin Hollywood. Wanda ya ji zuciyarsa ba ta natsu ba ya tashi, ya yi daidai. Sai dai mu riƙa gaskiya mana. Mu nawa ne ba mu kalli Karan Arjun ba a tsakar gida, da iyayenmu mata a zaune? Fim ɗin 1995, an kashe Salman Khan da Shah Rukh Khan, uwarsu ta je gaban gunki ta yi kuka, aka sake haifo su suka dawo ɗaukar fansa. Om Shanti Om na 2007 ma haka. Ban taɓa jin wanda ya fita daga ɗaki ba, kuma ban ga wanda ya bar salla ya koma Hindu ba. Mun san tatsuniya in mun gan ta.

Waɗanda suka yi kukan nan ba aljannar fenti suka yi wa ba. Ku tuna yadda rasuwa ke samun ɗan Arewa a nan. Kana cikin lakca waya ta yi ƙara, a ce maka Baba ya cika. Kafin ka kai tasha an dawo daga maƙabarta, don mu ba ma ajiye gawa. Ka kwana a hanya zuwa Sakkwato ko Maiduguri, ka tarar da tabarmi da ƴan gaisuwa, bayan sadakar uku a ce ka koma kar jarabawa ta wuce ka. Ka dawo, abokai su ce "ya haƙuri" sau ɗaya, shi ke nan. Mai irin wannan ciwon in ya ga Annie, abin da yake ɓoyewa ne aka buɗe masa.

Kuma wutar da aka nuna ta Annie ba ta garwashi ba ce. Gidansu ne ya zama kango, tana zaune cikin duhu, mijinta na gabanta ba ta gane shi ba. Duk wanda ya taɓa zama da mai ciwon damuwa ya san wannan zaman. Chris ya yi lallashi, ya kawo hujja, a banza. Ba ta farfaɗo ba sai da ya daina jayayya ya ce zai zauna da ita a nan.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wanda ya ɗaga murya ya ce "ai ƴar wuta ce dama, Allah Ya ƙara". Malam, ka san su wa ke zaune a ɗakin? Kashe kai haramun ne, babban zunubi ne, ba mai musu. Amma malaman Sunna ba su fitar da mai yin sa daga Musulunci ba, ana yi masa salla, lamarinsa na wurin Allah. Wanda ke fama da wannan tunanin in ya ji irin maganarka, wallahi ba zai ƙara buɗe baki a gabanmu ba. Ga Robin Williams ɗin kansa, mutumin da ya shekara da shekaru yana ba duniya dariya, a watan Agustan 2014 ta wannan hanyar ya tafi, daga baya aka gano yana da cutar ƙwaƙwalwa. Ciwo ne, ana ganin likita a kansa kamar hawan jini, kuma zuwa asibiti bai hana addu'a ba.

Akwai mutum biyu cikinmu da aka yi wa rasuwa a zangon nan, kun san su, ba sai na kira suna ba. Ɗaya ma ya daina fitowa cin abinci tare da mu. Ni da wasu za mu leƙa su ranar Laraba bayan Isha, ba da wa'azi ba, da shayi da burodi kawai. Mai sarari ya same mu a ƙofar masallaci.