Ba a Sayen Furfura a Kanti

A 1954 kamfanin Fender na Amurka ya fito da jitar lantarki mai suna Stratocaster. A 1965 kamfanin CBS ya saye Fender, kuma bayan 'yan shekaru aka bar siririn fentin da ake shafa wa jitocin, wanda ke tsagewa yana koɗewa, aka koma wa mai kauri irin na roba. Daga nan masu sha'awa suka yanke hukunci cewa duk alherin yana ga na kafin 1965, farashinsu ya tashi. Da abin ya kai 1995, sai Fender da kansa ya fara sayar da sababbin jitoci masu tabon tsufa na gangan, da tsada fiye da lafiyayyu.

Yau wannan ɗabi'a ta zama sana'a. Mutum zai kankare fentin sabuwar jita, ya fesa irin na da, ya goge gefenta da samfefa, ya sa wa kusoshinta tsatsa, don a ce ta sha gwagwarmaya. Ni kam ina ganin wannan sayen furfura ne, kuma kada matasan makaɗanmu su ɗauke shi ci gaba.

A yi adalci. Gyara ba laifi ba ne. Sautin jitar lantarki yana fitowa ne galibi daga maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar tagulla a ƙarƙashin tsirkiyoyi, saboda haka wanda ya sauya wannan don neman amon da, ya yi aiki mai dalili. Amma tabon da aka yi da samfefa me ya ƙara wa kunne? Ido kawai ake yi wa kiɗa. Tabon gaskiya shaida ce ta gumi da dare dubu a fagen wasa. Na jabu kuwa shaidar zur ce.

Mu dubi gida. Kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya gare shi, amma da shi ya ratsa duniya. Mdou Moctar na Nijar, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kafin ya riƙe Stratocaster a manyan dandamalin Turai da Amurka. Hannu ne ya ɗaukaka kayan, ba shekarun fenti ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne muna da tsufa na haƙiƙa, kuma muna barinsa yana ruɓewa. Ka je biki a Kazaure ko Babura, ka ƙirga sau nawa za ka ji goge kafin na'ura ta danne fili. A ƙauyukan Roni da Gwiwa, wa ke tambayar dattawa yadda ake zaɓen ƙwarya, a ɗaura fatar guza, a tsefe izgar doki? Jitar 1954 tana da littattafai da suka auna kowace kusa tata. Garayar kakanka ba ta da ko shafi ɗaya.

Idan kana da kuɗin sayen tsufa, ɗauki awo da na'urar ɗaukar sauti, ka tafi wurin mai haɗa goge tun yana da rai. Jitarka kuwa, kaɗa ta kawai. Furfurarta za ta zo da kanta.