Wa Yake Riƙe Da Linzamin Wayar Salula?

Duk ranar Alhamis, fatake da makiyaya daga ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa da Gumel sukan yi sammako zuwa kasuwar dabbobi ta Maigatari, inda suke haɗuwa da takwarorinsu na Jamhuriyar Nijar. Da wuya a ga mutum guda a cikinsu da ba shi da wayar salula a aljihu. Da yawa ma layi biyu ne a cikin wayar tasu, domin a bakin iyaka sau da yawa sabis ɗin wani kamfani yakan ɗauke, na wani ya kawo. Mai waya yakan sauya layi yadda ya ga dama, ya tura wa abokinsa hoton bijimi ko karatun malami ba tare da ya biya ko sisi ba. An saba da wannan 'yanci har ana ganin kamar haka abin yake a ko'ina. Alhali akwai ƙasashen da sai da aka je gaban alƙali kafin a same shi, kuma akwai alamun cewa a nan ma ya fara zaizayewa.

Kafin a shiga batun, ya kamata mai karatu ya san cewa wayar zamani na'urori ne da dama a cikin kwanso ɗaya, kuma ɗaya ce kawai daga cikinsu take dogara da ƙarfen sabis na kamfani, wato wadda take kai kira da saƙo da data. Ɗauki GPS, na'urar gane wuri. Taurarin ɗan'adam na ƙasar Amurka, waɗanda ba su gaza 24 ba, suna kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200. Kowanne yana ɗauke da agogo mai matuƙar daidaito, yana kuma watso saƙon da ke faɗin inda yake da lokacin da ya aiko shi. Da yake saƙon yana gudu da saurin haske, wato kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, waya takan auna jinkirin isowarsa ta gane nisanta da tauraron. Idan ta ji daga taurari huɗu, sai ta lissafa inda take. Waya sauraro kawai take yi, kamar akwatin rediyo, kuma saƙon kyauta ne. Iyakar taimakon kamfanin layi shi ne gaggauta gano taurarin da kuma sauko da hoton taswira. Haka nan Bluetooth, wanda injiniyoyin kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin suka fara aikinsa a 1994, ɗan ƙaramin rediyo ne da ke haɗa waya da waya a tazarar kimanin mita 10. Abin da aka tura ta cikinsa ba ya bi ta hannun kowa.

To, in haka ne, me zai sa kamfani ya toshe su? Amsar ita ce kuɗi. A Amurka, shekaru da yawa akasarin mutane daga hannun kamfanin layi suke sayen waya, a kan farashi mai rahusa, bisa yarjejeniyar zama da shi shekara biyu. Saboda haka kamfanin ne yake gaya wa maƙera abin da za a bari da abin da za a kashe. A 2004 kamfanin Verizon ya sayar da wayar Motorola V710 wadda aka yi tallarta da Bluetooth, amma an rufe sashen tura hotuna da fayiloli zuwa kwamfuta, ta yadda mai son fitar da hotonsa sai ya bi ta hanyar kamfanin mai biyan kuɗi. Masu wayar suka kai ƙara a 2005, daga baya aka yi sulhu. A 2007 kuma kamfanin ya fito da BlackBerry 8830 wadda ke da GPS a cikinta, amma aka hana manhajojin wasu amfani da shi, aka bar ƙofa ga manhajar kamfanin da ake biya wa kusan dala 10 a wata.

Wannan gardama ta girmi wayar salula. A da can, kamfanin AT&T ya haramta wa jama'a jona kowace na'ura da ba tasa ba a kan layin tarho. Wani mutumin Texas mai suna Thomas Carter ya ƙalubalanci dokar, kuma a 1968 hukumar sadarwa ta Amurka ta ba shi gaskiya. Wannan hukunci ne ya share fage ga na'urar faks da modem, wanda ta kansa intanet ta fara shiga gidaje. Darasin a fili yake: ba wanda ya san irin ƙirƙirar da za ta fito idan aka bar mutane su yi amfani da kayansu yadda suke so. Kanada ta hana sayar da wayoyi a kulle a Disamban 2017, Birtaniya ta bi sahu a Disamban 2021.

Nijeriya ta taki sa'a ta wannan fuska. Tun da Econet da MTN suka fara aiki a Agustan 2001, al'adar da ta kafu ita ce a sayi waya a kasuwa, kamar Farm Centre ta Kano, a sayi layi daban. A Afrilun 2013 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta ba mai layi damar ƙaura zuwa wani kamfani da lambarsa. Amma Hausawa sun ce, idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Akwai ƙofofi uku da takunkumin yake shigowa ta cikinsu.

Ta farko ita ce ƙaramar na'urar intanet da ake kira MiFi da 'yan'uwanta, waɗanda kamfanoni kan sayar a kulle, ba sa karɓar layin kowa sai nasu. A birni wannan ƙaramar damuwa ce. Amma malamin makarantar ƙauye da ya sayi na'urar da albashinsa, sannan aka yi masa canjin wurin aiki zuwa inda sabis ɗin kamfanin ba ya kaiwa, ya yi asarar kuɗinsa ke nan, ga lafiyayyar na'ura a hannu.

Ta biyu ita ce data mai araha da ba ta buɗe komai sai WhatsApp da Facebook da makamantansu. Haka kuma a 2016 Facebook da Airtel sun kawo tsarin Free Basics, mai ba da wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta. A farkon wannan shekarar ce Indiya ta haramta irin wannan bambancin farashi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ɗalibin da kuɗinsa ya isa hira amma bai isa buɗe shafin laburare ko na hukumar jarrabawa ba, wani ne ya zaɓar masa abin da zai karanta.

Ta uku ita ce wayar bashi. Kamfanonin ba da lamuni sukan bayar da waya a riƙa biya kaɗan-kaɗan, da wata manhaja a cikinta mai kulle ta daga nesa da zarar an saɓa ranar biya. Ga manomin gero ko riɗi, wanda kuɗi ba sa shigo masa sai da kaka, wannan na nufin wayar na iya mutuwa a tsakiyar damina, lokacin da ya fi bukatarta.

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Kamfanin da ya rage farashin na'ura yana da haƙƙin mayar da kuɗinsa, kuma in ba don makullin ba, da mai ƙaramin ƙarfi bai sami bashin waya ba sam. Data mai araha kuma ta fi babu. Sai dai duk waɗannan hujjoji suna da iyaka. Haƙƙin mai bin bashi yana ƙarewa ranar da aka gama biya. Babu kuma hujjar da za ta halatta kashe abin da kamfani bai kashe ko kwabo a kansa ba, irin su GPS da Bluetooth.

Kada a ɗauka maganar ta nishaɗi ce kawai. A yaƙin da aka yi da cutar shan-inna, tun daga wajejen 2012 an riƙa ba ma'aikatan rigakafi a jihohin arewa wayoyi masu GPS, domin a ga a taswira unguwanni da rugagen da aka tsallake, a koma musu. A Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Da irin wannan na'ura ɗalibin kimiyyar halittu a Sule Tankarkar zai iya auna faɗin gona, ya yi wa rijiyoyi da itatuwan gawo da kuka alama, ya dawo bayan shekara biyar ya ƙirga nawa suka rage. Malami kuma zai iya raba wa aji guda littafi ta Bluetooth ba tare da data ba.

An kuma ga yadda makullin yake aiki idan aka murɗa shi. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kamfanonin layi sun toshe Twitter a faɗin Nijeriya bisa umarnin gwamnati, matakin da Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa doka a Yulin 2022. A nan hukuma ce ta ba da umarni, amma ya nuna cewa wanda ke riƙe da hanya yana iya rufe ta ga manhajar da ya so.

Don haka ya dace NCC ta shimfiɗa ƙa'idoji bayyanannu. A wajabta rubuta kowane irin kulle a jikin kwali, da Hausa da sauran harsunan ƙasa, kafin a karɓi kuɗin mai saye. A buɗe na'ura kyauta da zarar an gama biya ko wa'adin rangwame ya cika. Wayar bashi ko an kulle ta, a bar mata hanyar kiran gaggawa da amsa kira. A kuma sa ido kan data mai zaɓen shafuka, don kada ilimi ya fi hira tsada.

Malamai da ɗalibai ma suna da nasu aikin. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta tana iya yin gwaji mai sauƙi: a cire layi daga waya, a fita fili, a buɗe manhajar da ke nuna lambobin wuri, a jira 'yan mintoci. Lambobin za su fito. Wanda ya ga haka da idonsa ya san abin da yake nasa, kuma idan ya je sayen waya ko MiFi zai tambayi mai shago tun kafin ya biya: tana karɓar kowane layi, kuma me zai faru da ita ranar da aka makara da biya?