HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Jama'a, wani buri ya shiga zukatan samarin da suka koyi aikin kwamfuta, har da na Agege da Sabon Badun. Burin kuwa shi ne mutum ya zauna shi kaɗai ya ƙera manhajar waya wadda za a riƙa musayar hotunan barkwanci a cikinta, watau hoto da 'yar magana ta ban dariya a kansa. Wannan buri ba laifi ba ne, amma lalle akwai abin dubawa.

Ƙera manhajar shi ne mai sauƙi. Google na karɓar dala 25 sau ɗaya kafin mutum ya baje hajarsa a kasuwarsa, Apple kuwa dala 99 kowace shekara. Wahalar sai jama'a sun shigo take farawa.

A dubi Alan Schaaf na Amurka. A 2009, yana ɗalibi a Jami'ar Ohio, ya kafa Imgur shi kaɗai don ajiye hotuna da rarraba su. Da jama'a suka yi yawa, kuɗin ajiyar hotuna ya ƙaru, dole ya nemi tallace-tallace da ma'aikata. A 2014 masu zuba jari suka sa dala miliyan 40, a 2021 aka sayar wa kamfanin MediaLab, a 2023 kuma aka hana hotunan batsa. Ashe abin da mutum ɗaya ya fara, mutum ɗaya bai iya riƙe shi ba.

To, babban nauyin ma ba na kuɗi ba ne, na tsaro ne. Wasan Bafillace da Babarbare yana da daɗi domin taubasai ne, kowa ya san iyakarsa. Hoto a waya bai san taubashi ba. Wanda aka yi don abokai biyar, kafin la'asar ya kai hannun dubbai waɗanda za su ɗauke shi zagi ga ƙabilarsu ko addininsu. Mazauna Kudu ba su manta da kasuwar Shasha ta Badun ba, inda a Fabrairun 2021 'yar sa-in-sa ta zama ƙone-ƙone da asarar rayuka. Wa zai cire mugun hoto da ƙarfe biyun dare, alhali mai manhajar yana barci?

Saboda haka kamata ya yi saurayi ya fara da mutane kaɗan waɗanda suka san juna. Ya rubuta dokoki a fili, ya sa wurin kai ƙara, ya nemi amintattu masu jin Hausa da Yarabanci da Turanci su riƙa tace abin da ake sawa, tun kafin ya yi shela. Kasuwa ba ta ci sai da sarkin kasuwa. Wanda bai tanadi masu tsaro ba, gara ya dakata tukuna.

Allah ya ba samari sa'a, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.