AZUMIN KIRISTA: ABIN DA AKA BARI, HANNUN WA YAKE SHIGA?

Kowane ma'aikaci a ƙasar Nijar ya san Litinin ɗin Pak, domin rana ce ta hutu, ba a buɗe biro, yara ba su zuwa lakwal. Amma kaɗan ne suka san abin da yake gabanta. Kafin wannan idi, Kirista, musamman ƴan ɗariƙar Katolika, suna yin azumi na kwana 40, wanda ake ce wa Karem da Faransanci. A shekara ta 2025 an soma shi ran 5 ga Maris, ƴan kwanaki bayan tsayuwar watan Ramalana. A shekara ta 2026 kuwa ranar somawarsa ta faɗo 18 ga Fabrairu, cikin makon da Musulmi suka ɗauki nasu azumi. Watau shekara biyu a jere, gidaje masu katanga ɗaya a Yamai, ko Maraɗi, ko Dogon Dutsi, sun kame baki a lokaci guda, kowa bisa ga addininsa.

Kirista ba su da yawa a ƙasar nan. Bisa ga ƙidayar shekara ta 2012, ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Duk da haka ya kamata a san al'adar maƙwabci, domin a cikinta akwai tambaya wadda ta shafi kowane mai albashi da kowace uwargida. Idan mutum ya hana wa kansa wani abu, ina abin nan yake zuwa? In ya tsaya cikin aljihunsa, tattali ya yi, kuma tattali abu ne mai kyau. Amma ba a kiransa sadaukarwa sai abin ya isa hannun wanda ba shi da shi.

Yadda azumin yake

Ana soma shi ran Laraba, wadda ake kira Larabar Toka. A ranar, limamin majami'a yakan shafa wa masu ibada toka a goshi, don su tuna cewa daga ƙasa aka yi mutum, kuma ƙasa zai koma. Tokar nan ta ganyen dabino ce, wanda aka riƙe a bikin bara, aka adana, aka ƙone. Daga Larabar Toka zuwa jajiberen Pak kwana 46 ne. In aka fid da Lahadi 6, waɗanda ba a azumi cikinsu, saura 40, daidai da kwanakin da Linjila ta ce Yesu Almasihu ya yi yana azumi a jeji. Ba dukan Kirista ke kiyaye shi ba, akwai ɗariƙun Furotesta da ba su ɗauke shi wajibi ba.

Azumin nan ya bambanta da na Musulmi. Ba a hana shan ruwa, ba a kuma kame baki daga asuba zuwa faɗuwar rana. Dokar Katolika ta ce ran Larabar Toka da Babbar Juma'a, wadda take gab da idi, mai shekara 18 zuwa 59 zai ci cikakken abinci sau ɗaya tak, sai ɗan abin taɓawa sau biyu. Kowace Juma'a kuma, wanda ya kai shekara 14 ba zai ci nama ba. A zamanin da dokar ta fi haka tsanani ƙwarai a ƙasashen Turai, har ƙwai da man shanu an hana. An yi ta sassautawa sannu a hankali, kuma Paparoma Paul na 6 ya aza tushen dokar yanzu a shekara ta 1966. A Habasha da Masar kuwa, Kiristan can suna yin kwana 55 ba nama, ba nono, ba ƙwai.

Bayan dokar, kowa yakan zaɓi abin da zai bari don kansa. Wani ya bar sukari, wani taba, wani giya, wani zuwa gidan cin abinci. Sai dai babi na 6 na Linjilar Matiyu, wanda ake karantawa ran Larabar Toka, ya haɗa abu uku wuri ɗaya: sadaka, da addu'a, da azumi. Wanda ya ɗauki ɗaya ya bar biyu, kamar mai girki ne da ya aza tukunya bisa murhu mai dutse ɗaya.

Share ɗaki

Tun asali, azumin nan da shara yake somawa. Talatar da take gaban Larabar Toka, Faransawa suna ce mata Talata mai kitse, domin a ranar ne matan gida suke ƙarar da mai da ƙwai da suka rage, kada su lalace cikin kwana 40. A Ingila har yanzu fanke ake toyawa a ranar saboda wannan dalili.

A zamanin nan sharar ta tashi daga madafa ta shiga ɗakin kwana. A Amurka akwai masu cika jaka ɗaya kowace rana da kayan da ba su bukata, su fid da ita daga gida, har jaka 40. Wata mata ƴar ƙasar Japan, Marie Kondo, ta rubuta littafi a kan rage tarkace, aka fassara shi da Ingilishi a shekara ta 2014, ya bazu cikin duniya. Masu bin wannan hanya sukan ce sun sami sauƙin rai da suka ga ɗaki ya yi fili.

Ba laifi ba ne mutum ya ji daɗin ɗakinsa. Amma a bi sawun jakar nan. Kashi mai yawa na tufafin da ake fitarwa a Turai da Amurka ana tankaɗe su, a ɗaure dila-dila, a sayar wa ƴan kasuwa, su ƙetaro teku. Su ne gwanjon da ake zubawa a kasuwannin Afirka, talaka ya sa kuɗinsa ya saya. Mai kayan ya huta da nauyi, kasuwa ta ci riba, amma kyautar ba ta isa ga kowa a matsayin kyauta ba. Wanda kuma ya share ɗaki don ya sami wurin sababbin kaya, bai rage kome ba, canji ya yi.

Wani zai ce wannan damuwar masu wadata ce, ba ta shafi ƙasar Sahel ba. Akwai gaskiya cikin maganarsa. Kwanonin da mace take jerawa a ɗakinta dukiya ce, ranar da rashin lafiya ko yunwa ta zo, su za ta sayar. Manomin da ya ɓoye tsohuwar hauya ya san abin da yake yi. Ba wanda zai ce wa irin waɗannan su zubar da abin da suka tanada. Amma a buɗe adakar babban ma'aikaci a birni. Za a tarar da rigunan shadda waɗanda suka yi masa kaɗan tun shekara biyar, da ankon bukukuwa da aka sa sau ɗaya, da takalman yara da suka girma, da littattafan lakwal da ƙura ta rufe. A ƙofar gidan nan kuwa akwai mai gadi, ɗansa yana zuwa aji ba littafi. Tsakanin adaka da ƙofa taki ashirin ne, ba a bukatar jirgin ruwa.

Sharaɗi ɗaya ne kawai: a ba da abin da yake da sauran amfani. Tsumman da mutum zai ji kunyar sawa, in ya miƙa wa wani ya ce sadaka ce, juji ya mai da shi. Alamar kyauta ta gaskiya ita ce hannu ya ɗan yi nauyi wajen miƙa ta.

Tukunyar Juma'a

An hana nama ran Juma'a domin a da nama abincin biki ne, kifi kuwa abincin talakan bakin teku. A garuruwan da suke nesa da kogi, kamar Damagaram da Tawa, ɗanyen kifi ba abincin talaka ba ne. Saboda haka wanda ya ƙi tsire ran Juma'a, sa'an nan ya tafi babban otel ya sa aka gasa masa giwan ruwa, ya cika doka, amma ya kuskure manufarta. An gudu ba a tsira ba. Abincin da ya dace da ranar yana nan cikin kowane gida: shinkafa da wake, dambu da zogale, tuwon hatsi da miyar kuka. Ba su da tsada, suna ƙosarwa, kuma uwargidan da ta iya daddawa da albasar Galmi ba za a tambaye ta nama ba.

Akwai misali wanda ya kamata mutanen ƙasar nan su sani, domin saboda su aka fara shi. Bayan babban farin da ya halaka dabbobi da amfanin gona a Sahel, wanda ya tsananta a 1973 da 1974, waɗansu shugabannin addini a garin Allentown na jihar Pensilbaniya, a Amurka, suka kafa wata al'ada a shekara ta 1975. Sau ɗaya a mako cikin azumi, iyali su dafa abinci mai sauƙi, kuɗin da suka rage su jefa cikin ɗan akwatin kwali da ke bisa tebur. Sun sa masa suna kwanon shinkafa. Daga baya Katolikan Amurka duka suka ɗauka, ƙungiyarsu ta agaji mai suna CRS take tara kuɗin. Kashi 75 cikin 100 ana aikawa ƙasashen waje, kashi 25 yana tsayawa don matalautan yankin da aka tara. A Jamus ma, tun 1959 ƙungiyar Misereor take tara irin wannan taimako a lokacin azumi.

Hikimar akwatin nan ita ce yana hana kuɗin ɓacewa. Abin da aka rage a tukunya, in ba a ware shi nan take ba, gobe zai tafi wajen man mota. Lissafin kuwa ba wuya. Daga Larabar Toka zuwa Pak akwai Juma'a 7. In magidanci yakan kashe jika 3 a nama ko a gidan cin abinci kowace Juma'a, ya ware su, ran idi yana da jika 21. Sai ya tafi kasuwa ya tambayi tiya nawa ta hatsi za su saya, ya kuma tuna wace gwauruwa ce a unguwa take kwana ba ta aza tukunya ba.

Abokai da cin abinci waje

Barin gidan cin abinci yana da nasa haɗari. A birni, sau da yawa can ne abokai suke haɗuwa, domin aiki ya raba su, gidaje sun yi nisa. Mutum yana iya cewa ya bar cin waje don ibada, a ƙarshe ya tarar abokansa ya bari. Kwana 40 ba gaisuwa, ba ziyara, ya fito daga azumi da kuɗi a aljihu, amma ba mai tambayar lafiyarsa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Har wa yau, ba kowane cin waje ne almubazzaranci ba. Lebura da ɗan lakwal da suke sayen abinci wurin mai tuwo a bakin hanya, larura ce ta kai su, ita kuma da cinikin nan take ciyad da ƴaƴanta. Abin da ya cancanci a rage shi ne cin nuna isa, inda ake cika tebur da abin da ba za a cinye ba don a ga wane ne ya biya. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2022 an zubar da abinci fiye da tan miliyan 1,000 a duniya, daga gidaje da kantuna da gidajen cin abinci.

Maganin yana cikin al'adar gargajiya. A maimakon otel, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kira abokai, kowa ya zo da abin da ya dafa. A kuma raya ciyayya, inda yaro yake ɗaukar kwano daga wannan gida zuwa wancan da maraice, kwanon ya dawo da wani abu a ciki. A birane da yawa dogayen katangu sun raunana ta. Aboki na gaskiya ba zai raina wake ba, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Kwanon nan yana da amfani fiye da cika ciki. Ba a manta da ran 16 da 17 ga Janairu na shekara ta 2015 ba, sa'ad da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, aka yi hasarar rayuka. A cikin wannan tashin hankali an sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu. Irin wannan amana ba a ƙulla ta ranar wuta, tun kafin nan ake ƙulla ta, da naman Layya da aka aika, da abincin Kirsimati da aka karɓa. Wanda ya saba cin tuwon gida, da wuya ya ɗauko wa gidan ashana.

Abin da ya rage

Saboda haka, mai niyyar barin wani abu, a Karem ne ko a wani lokaci, ya yi wa kansa tambaya tun ranar farko: wa zai amfana? In riga ce, ya san wuyan da za ta shiga. In kuɗin nama ne, ya ware su ranar da bai saya ba. In zaman otel ne, ya sa ranar da abokai za su zo gida. Shugabannin ma'aikatu da na unguwanni su ma suna iya taimakawa, su keɓe wuri inda za a tara littattafai da tufafi masu kyau, a raba wa waɗanda aka sani da bukata, ba tare da an kunyata kowa ba.

Ran idi za a koma cin nama, adaka kuma za ta sake cika. Abin da zai wanzu shi ne yaron da ya sami littafi da gwauruwar da ta aza tukunya. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah shi ƙara zaman lafiya da zumunci tsakanin jama'ar ƙasa, amin.