A FITAR DA YARA SU TAƁA ƘASA

Ya ku 'yan'uwa, malaman lakwal da iyayen yara!

Ku tambayi tsofaffin Maraɗi. A shekarar 1945 ruwan Gulbi ya ci garin, har aka tashe shi daga kwari aka mai da shi bisa tudu. A Yamai kuwa, yashin da koramu ke zubawa yana cike kogin Isa, kuma a 2020 ruwa ya fasa kariya ya shiga unguwanni. Ƙasarmu tana tafiya, ruwa na ɗauka, iska na ɗauka. To me muke koya wa ɗiyanmu a kan wannan?

Mun sani. Mushe ya rubuta layi uku na Faransanci a allo, yara su kwafa a kaye, su haddace. Da yamma yaro ya bi ta bakin koramar da ke cin gonar ubansa, bai san ita ce aka karanta da safe ba. Wannan asara ce!

Mu muna cewa a fitar da su fili su yi wasa da ƙasa. Kada wani ya ce babu kayan aiki. A zuba gutsattsarin marmara cikin gwangwani, yara su girgiza shi da hannu-hannu, a buɗe su ga gari. Haka zafin rana da ruwa da gogayya ke cin dutse, sai dai su shekaru suke ɗauka. Sannan a tara tsibi biyu na ƙasa, ɗaya tsirara, ɗaya a lulluɓe shi da karan hatsi da ciyawa. A huda gindin gwangwani, a zuba ruwan buta, ga ruwan sama ya samu. Na tsirara zai tsage, 'yar korama ta fito a gaban idonsu, jan ruwa ya gangara. Na lulluɓe zai sha ruwansa ya zauna. Kada malam ya yi saurin ba da amsa. Ya tambaye su: ina ƙasar ta tafi? Su bi sawunta da yatsa har inda ruwan ya rage gudu ya ajiye ta. A ɗebi ruwan a kwalba a aje: yashi zai fara kwantawa, laka ta biyo baya a hankali. Ga asalin lakar fadama, ga kuma abin da ke cike tabki.

Tufafi za su yi datti, gaskiya ne. Uwaye, ku yi haƙuri, sabulu ya fi gona araha.

Daga nan sai a bar su su tare ruwan da kansu, su jera tsakuwa, su haƙa ɗan rabin wata. Ai irin wannan aiki ne mutanen Adar, yawancinsu mata, suka yi da hannunsu a ƙasar Keita tun daga 1984, suna jera duwatsu a fako har ya sake ba da hatsi.

Saboda haka muna kira ga masu duba lakwal: in kun tarar da aji a waje hannu duk laka, kada ku rubuta cewa malam ya ɓata lokaci. A bar yara su faɗi abin da suka gani da Hausa tukuna, kalmar Faransanci ta zo daga baya. Kuma a sa darasin a watan Yuni, washegarin ruwan farko, a kai su bakin koramar gari su kafa turke, a koma a auna bayan damina.