KULLEN KORONA DA AMANAR HALITTU

 A shekarar 2020 annobar korona ta tilasta wa duniya zaman gida. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja, a watan Afrilu kuma aka kulle Kano, jama'a suka shiga azumi cikin ƙunci. Da tituna suka yi tsit, sai dabbobi suka fito. Awakin dutse suka shiga garin Landudno na Birtaniya suna cin shingen gidaje, zakuna suka miƙe bisa kwalta a gandun Kruger na Afirka ta Kudu, mutanen Jalandar ta Indiya suka hango tsaunukan Himalaya saboda hayaƙi ya yaye.

Ganin haka wasu suka yi ta yayata cewa ɗan Adam shi ne cutar, wai ƙasa ba ta samun lafiya sai ya kau. Mu ba mu yarda da wannan magana ba. Da farko, lafiyar ba ta daɗe ba, domin hayaƙin da ya ragu a 2020 ya dawo a 2021. Na biyu, dabbobin da suka saba ci daga hannun mutane wahala suka sha. Birai a garin Lopburi na Tailan sun yi ta faɗa a kan titi saboda yunwa, barewar Nara ta Japan kuwa ta bazu cikin gari neman abinci, da baƙin da ke ciyar da ita suka daina zuwa.

Mu mutanen Gobir muna da hujja ta uku, mai ɗaci. Kullen da ya fi damun Kamarawa da Isa da Sabon Birni na 'yan bindiga ne. A ƙarshen Mayu na 2020, ana tsakiyar annobar, an kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, dubban jama'a kuma sun yi hijira zuwa jihar Maraɗi. Gonaki sun koma saura, manomi da makiyayi sun bar daji. Shin dajin Gundumi ya warke da tafiyarsu? Ko kusa! Da mutanen kirki suka janye, azzalumai ne suka gaje wurin.

Amma kada mu ɗora komai a kan 'yan bindiga. Dattawanmu sun san barewa da gada da kura a waɗannan dazuzzuka, kuma hannunmu ne ya ƙarar da su: farauta ba iyaka, ƙona daji saboda gafiya, sare itace don gawayi. A cikin gari ma haka abin yake. Ina ungulayen da ke cika mahauta ranar kasuwa? A 2015 hukumar IUCN mai kula da halittu ta sanya irin ungulun garuruwanmu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Daga cikin dalilai har da fataucin kanta da ƙafafunta ga bokaye da 'yan tsibbu. Ashe camfi yana ɓata aƙida, yana kuma kashe mai share mana mushe kyauta.

Musulunci ya ɗauki mutum a matsayin wanda aka damƙa wa amanar ƙasa, kuma za a tambaye shi a kanta. Manzon Allah (S.A.W.) ya keɓe makiyayar Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar (R.A.) ya keɓe ta Rabaza, wato shugaba yana da ikon killace wuri domin maslahar jama'a. Amfanin irin wannan kulawa yana nan kusa da mu. Raƙuman dawa na Kure a Jamhuriyar Nijar ba su kai 50 ba a 1996. Hukuma da mazauna ƙauyuka suka haɗa kai wajen tsaronsu, kafin 2020 sun haura 600, alhali manoma suna nan cikin gonakinsu, ba wanda aka kulle a ɗaki.

Saboda haka muna kira ga hukuma ta dawo da tsaro, domin mai gudun ransa ba ya dasa itace. Muna kira ga sarakuna da hakimai su tsare sauran gandun daji da burtali, su hana ƙona daji. Limamai da masu wa'azi su sanya wannan magana cikin huɗuba, su yi tir da cinikin sassan ungulu. Makarantun Islamiyya su dasa bedi da tsamiya a harabarsu, a hana yara harbin shamuwa da belbela da danƙo. Magidanci kuwa ya bar gawo da kuka a gonarsa, ya ajiye wa tsuntsaye kaskon ruwa da bazara.

Annoba ta nuna mana cewa dabbobi suna kusa, sarari kawai suke jira. Wajibi ne mu ba su shi da zaɓinmu muna neman lada, tun kafin wata musiba ta karɓa musu da ƙarfi. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.